Ajiye jaka 40 ɗin nan tukuna, ƙanwata

Saƙon wannan mako ya fito daga wata baiwar Allah da ke zaune a Birni, cikin Damagaram. Ga shi a taƙaice:

"Assalamu alaikum Yaya. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, ina tallarsu a WhatsApp da Facebook. Ina kuma sha'awar ɗaukar hoton furanni, wani lokaci in jera su kusa da kayana. Amma hotunana ba su fita. Gidanmu tsohon ginin ƙasa ne, kullum sai bokiti ko igiyar shanya ko bangon ɗaki ya fito a baya. Wata ta rubuta a ƙarƙashin hotona wai turaren ƙauye. Tun ranar nake hawa kabu-kabu zuwa gidan ƙawata mai falo da labule in ɗauka a can, har na fara jin nauyinta. Yanzu na kwashi adashe jaka 40, an ce in aika Kano a sayo mini labulen hoto mai zanen marmara da fitila mai zobe. Maigidana ya ce in zuba kuɗin cikin jari. Kwana biyu ke nan ba mu jituwa a kan maganar. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa albarka a sana'a.

Na karanta saƙonki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne kabu-kabun nan. Mace ta ɗauki kwalabenta a jaka, ta ƙetare gari cikin rana, ta je ta ari falon wata, duk saboda magana ɗaya da aka yarfa mata. Ban raina zafin maganar ba, na san yadda irinta take kwana da mutum. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma ke da kanki kin fara jin haka tunda kin ce nauyin ƙawarki kike ji. Amsata a taƙaice: kada ki aika Kano. Abin da hotonki yake nema yana cikin gidanku, kuma bangon nan da kike ɓoyewa yana cikin mafi kyawun abin da kike da shi.

Bari in fara da dalilin da ya sa hotunan ba su fita. Idon mutum yana zaɓe. In kin kalli kwalbar humra, hankalinki yana kanta, bokitin da ke baya ya ɓace miki. Waya ba ta zaɓe, duk abin da ke gabanta sai ta kwaso shi. Ga shi kuma kyamarar waya ƙarama ce ƙwarai, ƙanƙantar nan tana sa na kusa da na nesa su fito tar kusan lokaci guda. Shi ya sa igiyar shanya take gasa da kayanki. Aikin bayan hoto kamar na ƙawar amarya ne: ta tsaya kusa, ta gyara mata mayafi, amma kada ta fi ta ado. Duk bayan da aka kalla aka ce "kai, wannan labule ya yi kyau" kafin a ga turaren, to ya ci amanar aikinsa.

Labulen marmaran da aka ce ki saya yawanci leda ce aka buga wa zane. Tana sheƙi, haske na faɗa mata sai ki ga wani farin tabo a gefen hoto. In aka ninke ta a hanya, layin ninkin ba ya fita da sauƙi, ga shi ba a sa mata dutsen guga. In kin matso kusa don ki ɗauki ƙaramar kwalba, zanen ya tona kansa cewa bugu ne. Sannan ki duba shafukan masu sayar da turare daga nan har Maraɗi, ki ƙirga nawa ne suke kan wannan farar marmara ɗin. Za ki biya kuɗi ne ki shiga cikin taro ki ɓace. Fitila mai zobe kuwa an yi ta ne don fuska, masu bidiyo da masu kwalliya suna jin daɗinta. A kan gilashi sai ta zana farin zobe a cikin kowace kwalba, kuma da yake haskenta daga gaba yake zuwa, tana kashe inuwar da ke nuna siffar abu.

Yanzu bangonki. Ke fa a Birni kike, unguwar da baƙi ke zuwa daga nesa da manyan kyamarori don su ɗauki katangu da zanen ƙofofi da fadar Sarki, a garin da ya riƙe babban birnin ƙasar nan har 1926 kafin a mayar Yamai. Ginin ƙasa ba ya sheƙi ko kaɗan, yana shan haske ya mayar da shi a hankali. Launinsa kuma ɗan'uwan launin kayanki ne: icen sandal, hawi, kajiji, farce, duk tsakanin ja-ja da ruwan ƙasa suke. Na yi shekaru ina ɗaukar hoton aikin dukawa, jakunkuna da takalma da matasan kai, kuma hotunan da suka fi jawo masu saye na ɗauke su ne a wani zaure mai yaɓen ƙasa, inda har sawun yatsun maginin yana nan a jiki. Ki nemi wuri ɗaya a bangon, faɗin mita guda ya isa, wanda babu ƙusa, babu tabon hayaƙi, babu rubutun yara. Ki share shi da tsintsiya mai laushi. Kin samu dekor ɗinki na farko ke nan, kamar yadda masu hoto ke kiransa.

Sai dai a nan ne kusan kowa ke kuskure, don haka ki ba ni hankalinki. Kada ki jingina kaya da bango. Ki jawo teburin gaba, tsakanin kwalba da bango ya kai mita guda, in ɗakin ya ba da dama ma ki ƙara. Ke kuma ki matso kusa da kwalbar, kamar kamu ɗaya ko ɗaya da rabi. Wannan tazara tana yin aiki uku a lokaci guda. Inuwar kwalbar za ta faɗi ƙasa ba a kan bango ba. Bangon zai yi dishi-dishi, tsagewarsa da ƙurajensa su narke su zama launi kawai. Sannan zai ɗan yi duhu, domin haske yana raguwa da sauri in ana nisa da inda yake fitowa: in fitila ce, ninka nisa sau 2 yana mayar da hasken kashi 1 cikin 4. Ta ƙofa ma kusan hakan take, abin da ke bakin ƙofa ya sha haske, na ƙuryar ɗaki ya zauna cikin inuwa. Da bango ɗaya tak za ki iya samun baya mai haske ko mai duhu, teburin kawai za ki riƙa matsarwa.

Hasken kuma daga gefe ake so ya zo. Ki sa teburin kusa da ƙofa ko taga, ƙofar tana hannunki na dama ko na hagu, kada tana bayanki. Ba a son rana ta faɗo kan kayan kai tsaye, hasken inuwa ake nema, irin na bakin ƙofa da hantsi ko bayan la'asar. A nan Damagaram, a watannin hunturu rana ta kudu take bi, ƙofar da ke kallon arewa sai ta yini da haske mai laushi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuwa rana tana karkata arewa, lokacin ƙofar kudu ta fi daɗin aiki. In ba ki da zaɓi kuma rana na shigowa, ki rataya farin mayafi marar kauri a ƙofar, zai tace ta. Ki kashe ƙwan lantarki na ɗakin, don in hasken ƙwai ya haɗu da na rana sai gefe ɗaya ya fito rawaya ɗayan shuɗi-shuɗi. Gefen da ba ya kallon ƙofa zai yi duhu, to ki samu kwali ki manna masa farar takarda, ki tsayar da shi a wannan gefen, dab da inda hoto ya ƙare. Ki riƙa matso da shi kina kallon waya, za ki ga inuwar tana buɗewa da idonki.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: kayan jikinki. Kwalba madubi ce. In kin sa jan hijabi kika tsaya gabanta, ja zai fito a cikin farar humra, mai saye ta ga launin da ba shi ne ba. Ki sa baƙi ko toka-toka ranar ɗaukar hoto. Haka rumfar shuɗiyar leda a tsakar gida, tana rina duk abin da ke ƙarƙashinta.

To me za ki saya? Kaɗan ne. Ranar Alhamis ki shiga kasuwar Dole ki yanko akoko mita 2. Ki wanke shi sitacin ya fita, ki goge. In farinsa ya yi miki yawa, ki jiƙa shi cikin ruwan shayi mai kauri, zai ɗauki launin yashi mai daɗin ido. Yadda ake shimfiɗa shi: a kafe bakinsa na sama a bango, a bar shi ya gangaro ya kwanta a kan tebur cikin lanƙwasa, ba tare da an tura shi cikin kusurwa ba. Da haka layin nan da ke raba tebur da bango ya ɓace, kaya su zama kamar suna zaune a fili marar iyaka. In kin gama kada ki ninke shi, ki naɗe shi a jikin sanda, don waya ba ta yafe wa yamutsewa. Sai ki je wurin kafinta ya yanko miki filawud, santimita 60 a kan 60. Gefe ɗaya ki shafa fenti toka-toka, ɗaya gefen ruwan ƙasa mai duhu. Fentin ruwa fa, wanda ake yi wa bangon ɗaki. Na mai yana ƙyalli. Ki daddanna shi da soso maimakon buroshi, launin zai fito da ɗan gauraye kamar dutse. Wannan allo zai zama miki daɓe in kina ɗauka daga sama, ya zama bango in kin jingina shi.

Shadda ki bar ta a akwati, sheƙinta da zanenta suna da surutu. Baƙin karan-miski ya fi komai shanye haske, yana ba da baƙi wuluk, amma a garin nan da hazo minti kaɗan ya ishe shi ya kwashi ƙura, kowane ɗigo kuma sai ya fito a hoto kamar tauraro. In za ki yi amfani da shi ki kaɗe shi dab da ɗauka. Atamfa kuwa za a iya ce miki ai manyan masu hoto sun yi da ita. Gaskiya ne. Saidu Keita na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, da zanen gadonsa ya fara yin labule, daga baya ya koma yadudduka masu zane, kuma duniya ta san aikinsa. Amma shi mutane yake ɗauka, cikin baƙi da fari, fuskar mutum kuma tana da ƙarfin da za ta rinjayi kowane zane. Kwalba mai tsawon yatsa ba ta da wannan ƙarfin.

Kayan da za ki jera kusa da turaren ma suna gida. Kasko ɗaya na yumɓu irin na Miriya, faifai, akushi, ko ƙaramar ƙwarya. Ɗaya ko biyu sun isa. In kika tara biyar kin koma gidan jiya.

Akwai ɗabi'ar kyamara da ya kamata ki sani, don ita ce ke sa mutane su zargi labulensu a banza. Kyamara tana auna haske ne da zaton cewa duniya toka-toka ce, tsaka-tsaki. In kin cika mata ido da fari, sai ta rage haske, farin ya fito kamar an wanke shi da ruwan tabki. In kin cika mata da baƙi, sai ta ƙara, baƙin ya koɗe, furen da ke gaba ya ƙone. Maganinsa a yatsanki yake. Ki taɓa kwalbar a fuskar waya, alamar rana za ta fito a gefe. In baya fari ne ki ja ta sama kaɗan, in mai duhu ne ki ja ƙasa. In wayarki tana da ido na biyu mai lamba 2x, ki yi amfani da shi ki ɗan ja da baya: kwalbar ba za ta kumbura ba, kuma bango kaɗan zai shigo, allon nan na santimita 60 ya wadatar. Ki goge idon kyamara da tsumma mai laushi kowane lokaci, musamman ke da hannunki ba ya rabuwa da mai. Ki jingina wayar da wani abu, ki sa mata ƙidayar daƙiƙa 3, don hannu yana rawa ko ba ki ji ba.

Hoton da nake so ki gwada tun farko, wanda falon ƙawarki ba zai taɓa ba ki ba, shi ne na hayaƙi. Hayaƙi ba ya fitowa a kan farin baya. Ki juya allon ta gefensa mai duhu, ki kai shi can cikin inuwa. Ki sa kasko a bakin ƙofa yadda haske zai bugo shi daga gefe, ya ɗan fi karkata ta baya. Ki rufe taga don iska, ki sa garwashi ɗaya ja, ki ɗora turare ɗan kaɗan. Da farko hayaƙin zai tashi da yawa a hargitse, ki jira. Can sai ya sirance, ya miƙe kamar zare, ya kai taƙi guda sannan ya fara murɗewa, fari-shuɗi a kan duhu. A nan za ki danna, ki yi ta dannawa, don ba ya maimaita siffa. Wanda ya ga wannan hoto sai ya ji kamar ƙamshin ya iso hancinsa. Ki dai nisanta yadi da garwashi, ki kuma kau da yara.

Sai furanni, waɗanda na ga alama su ne abin da zuciyarki ke so. Fure ya fi kwalba wuya don yana da rai kuma ba ya jira. Na kuɓewa da na zoɓo yini ɗaya suke yi, da safe su buɗe, kafin yamma sun langaɓe, don haka da sassafe ake nemansu. Na kuka da magariba yake buɗewa, kashegari ya fara baƙi. In za ki yanko, ki tafi da gwangwanin ruwa, ki yanke kara a karkace ki tsoma nan take. Don ya tsaya yadda kike so, ki cika gwangwani da jiƙaƙƙen yashi ki soka shi. Ki ɗauka a cikin ɗaki, ko iska kaɗan tana girgiza shi hoton ya ɓaci. Tsarin nan na waya da ke dusar da baya da kansa, wanda ake ɗaukar mutane da shi, ki kashe shi: yana cinye gefen ganye da siraran gashin tsakiyar fure. Tazara ta gaskiya ta fi shi.

Wajen launi, ki tambayi kanki me furen yake buƙata don ya fito. Farin fure, kamar bado ko na lalle, duhu yake so. Rawaya, kamar na kuɓewa ko ƙwallayen bagaruwa, yana haskawa a kan shuɗi mai duhu, tsohon zane rinin shuni wanda ya sha wanki ya daina ƙyalli ya fi komai dacewa. Ja da ruwan hoda, irin na kariya, su ne bangon ƙasa ba ya yi wa adalci, don ja a kan ja-ja nutsewa yake yi. Su ki ba su gefen toka-toka na allonki, kuma ki rage haske kaɗan, domin waya tana cika ja har layukan jikin furen su ɓace. In a lambu kike kuma ba ki son yankewa, ki sa wani ya riƙe miki kwali mai duhu kamar kamu ɗaya a bayan furen, ya ɗan sunkuyar da shi yadda rana ba za ta faɗa masa ba. Ki yi hattara da kariya da tumfafiya. Furensu yana da kyau ƙwarai in an matso, na tumfafiya kamar an sassaƙa shi da kakin zuma, fari da shunayya, amma ruwan jikin kariya dafi ne, nonon tumfafiya kuma yana illa ga ido. Ki wanke hannu kafin ki taɓa fuska ko kayan turarenki.

In za ki haɗa fure da kwalba a hoto ɗaya, ki yanke shawara wane ne amarya. In tallar humra ce, fure ɗaya a kwance a gefe ya isa. Kuma don Allah kada ki sa wa hoton kaya rinin nan na waya da ke canza launi. Mai saye tana Agadas ko Diffa, ba ta da abin dogaro sai hotonki. Launin da ta gani shi ya kamata ta buɗe ta tarar.

Batun maigida. Ya fi kusa da gaskiya a wannan karon, kuma babu faɗuwa in kin faɗa masa haka. Amma ina zaton shi lissafin kuɗi ya ji, bai ji abin da ke ƙarƙashinsa ba. Kin taɓa gaya masa maganar da aka rubuta miki? In ba ki yi ba, ki zauna da shi bayan isha'i ki nuna masa. Ki ce kin fasa aike Kano, za ki cire abin da zai sayi akoko da filawud da fenti, saura ya tafi ga sandal da kwalabe. Ki roƙe shi ya taya ki kafa ƙusoshi biyu na rataya yadi, ya kuma bar miki wannan kusurwa ta zama taki. Namijin da aka sa hannunsa cikin aiki ya fi saurin kare shi. Ƙawarki kuma ki kai mata kwalbar humra mai kyau ki yi godiya, ki ci gaba da zuwa gidanta don zumunci, ba jaka a kafaɗa. Ita kuwa mai maganar ƙauye, kada ki tanka mata ko da harafi ɗaya.

Gobe da hantsi ki ɗauki kwalba ɗaya ki yi mini hoto uku a gaban bangon nan: ɗaya tana jingine da shi, ɗaya ta yi nisan kamu biyu, ɗaya mita guda da rabi, duk da ƙofa a gefenki da farin kwali a ɗaya gefen. Kada ki gyara komai a cikinsu. Ki turo mini su ukun, ki kuma gaya mini ina ƙofar ɗakin take kallo, sai mu ga inda teburin zai zauna.